Yadda za ka fitar da siffar helikes ɗin tsutsar tsargiya a kwamfutarka

Duk wanda ya tashi kusa da fadama ko madatsar ruwa ya san tsargiya. Yaro ya je wankan rafi ko kamun kifi, a yi wata biyu zuwa uku, sai a ga jini yana biyo ƙarshen fitsarinsa. Tsutsar da ke wannan ɓarna, Schistosoma haematobium, tana cikin dangin tsutsotsi masu faɗin jiki da masana ke kira Platyhelminthes. 'Yar'uwarta Schistosoma mansoni a jijiyoyin jinin hanji take zama. A dangin nan ake samun Fasciola, wadda mahauta ke tararwa kwance cikin hantar saniya kamar ganye, da doguwar tsutsar ciki mai gaɓa-gaɓa, da kuma planariya ta cikin ƙorama, wadda ba ta cutar da kowa. Ita ce wadda in ka yanka ta gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa takan koma cikakkiyar tsutsa.

Shekara arba'in da ɗoriya ke nan magani guda ake dogaro da shi wajen tsargiya, wato praziquantel, alhali masu bukatarsa a duniya sun haura miliyan 200, galibinsu a Afirka. Shi ya sa masu bincike ke bin furotin ɗin tsutsar ɗaya bayan ɗaya, suna neman wanda ba za ta rayu ko ta yi ƙwai ba sai da shi. Helikes na RNA, furotin mai tsefe zaren RNA, yana cikin waɗanda ake dubawa. Wannan jagora ta ɗalibi ce mai son ya ɗauko irin wannan furotin, ya fitar da siffarsa mai tsawo da faɗi da kauri, ya kuma san iyakar abin da siffar za ta iya faɗa masa.

Kayan aikin ba su da yawa. Laftof mai RAM gigabait 8 ta isa. Ka nemi linzami mai 'yar taya a tsakiya, domin juya furotin da ɗan allon yatsa azaba ce. Sai asusun Google, da manhajar ChimeraX ta kallon siffar furotin, wadda kyauta ce ga mai karatu da bincike. Ka sauke ta ranar da kake da data mai yawa, bayan nan sauran fayilolin ƙanana ne.

Ka fara sanin abin da kake nema

RNA, mai ɗauko saƙon ƙwayoyin gado, zare ne tilo, amma ba ya zama a miƙe. Yakan naɗe, wani sashe ya manne da wani, ko ya sarƙe da wani zaren kamar kitso. Aikin helikes shi ne tsifa. Mafi girman gidan masu tsifar RNA shi ne gidan DEAD, sunan da aka raɗa masa a 1989 daga haruffan amino asid (tubalan ginin furotin) huɗu da ke jere a jikin 'yan gidan: D ta aspatet, E ta gulutamet, A ta alanin, sai wata D. Mutum yana da kusan 37 daga cikinsu. A 2012 aka ƙirga 33 a Schistosoma mansoni.

Ka ɗauki goro ka ɓare shi gida biyu, amma ka ɗauka akwai ɗan guntun zare da ya riƙe ɓarin biyu. Haka zuciyar helikes take. Kowane ɓari yana da tabarmar beta a tsakiya, murɗe-murɗen alfa sun rufe ta gaba da baya, irin ginin da aka fara gani a furotin RecA na bakteriya. In babu ATP, makamashin ƙwayar halitta, babu kuma RNA, ɓarin biyu suna reto ne nesa da juna. Haka aka ga eIF4A na yis, wani ɗan gidan DEAD, a shekarar 2000, yana nan a PDB, rumbun siffofin furotin, da lamba 1FUU. In kuwa ATP da RNA suka zo tare, sai goron ya rufe: ATP ya shige tsagar da ke tsakani, RNA ya kwanta a gicciye kan ɓarin biyu. Hoton wannan rufewa da kowa ke komawa gare shi shi ne na Vasa, wani ɗan gidan DEAD na ƙudan Drosophila, wanda masu bincike a Japan suka fitar a 2006, lambarsa 2DB3. A cikinsa za ka ga wani murɗin alfa na ɓari na farko ya tokare RNA, ya tilasta masa lanƙwasa sosai, ta yadda abokin kitsonsa ba zai iya ci gaba da manne masa ba. Tsifar ke nan. 'Yan gidan DEAD ba sa bin zare suna zuge shi kamar zif. Cafka suke su lanƙwasa, su saki, shi ya sa gajeren kitso kawai suke iya tsefewa, wanda bai wuce murɗi biyu ba.

Ka riƙe wannan maganar ta buɗewa da rufewa, don a kanta yawancin kurakurai suke faruwa.

Mataki na 1: Nemo jerin amino asid

Kada ka shiga rumbu ka rubuta sunan furotin kana jiran a miƙo maka. Sunayen da ke kan ƙwayoyin gadon tsutsotsi yawanci na'ura ce ta liƙa su, wasu daidai, wasu kame-kame. Da jeri ake farautar jeri. Ka je rumbun furotin na UniProt ka ɗauko ƙoto guda uku a tsarin FASTA, wato jerin haruffa zalla: Vasa na ƙuda, P09052, mai amino asid 661, DDX3X na mutum, O00571, mai 662, da eIF4A1 na mutum, P60842, mai 406. Ka adana su cikin fayil ɗaya na rubutu zalla, ba Word ba, domin Word yakan cusa alamomin da ido ba ya gani.

Daga nan ka buɗe WormBase ParaSite, rumbun kundin gadon tsutsotsi, ka shiga BLAST mai neman jeri masu kama da naka, ka zaɓi neman furotin da furotin, ka ware nau'in tsutsar da kake so. An wallafa kundin gadon Schistosoma mansoni a 2009, na haematobium a 2012, kuma na mansoni ya fi shan gyara. Shawarata ka fara da shi ko da haematobium ce damuwarka, in ya so ka nemo takwaran daga baya. Lambobin mansoni da Smp_ suke farawa, na haematobium da MS3_. Mai aiki kan planariya kuwa, irin Schmidtea mediterranea, PlanMine ce kasuwarsa.

Sakamako zai fito da yawa, duk da maki masu kyau, saboda 'yan gidan DEAD duk kamanninsu ɗaya a zuciya. A nan ne za ka yi abin da ɗalibai da yawa ke tsallakewa. Ka ɗauki na saman jerin ka mayar da shi BLAST, wannan karon a kan furotin na mutum da na ƙuda. In ka jefa Vasa ka kamo wani abu, amma da ka mayar da shi sai ya nuna Belle na ƙuda ko DDX3X na mutum, to ba Vasa ka kama ba, ɗan'uwansa ne na reshen PL10, inda Belle da DDX3X suke. Kama da wane ba wane ba ce.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce a dangin nan. Vasa shi ne tambarin ƙwayoyin haihuwa a kusan duk dabbobi, planariya ma tana da shi. Amma da aka wallafa kundin gadon tsutsotsin ciki masu gaɓa a 2013, sai aka lura cewa su da dangin tsargiya sun rasa Vasa na ainihi, har da Piwi, abokin aikinsa. Abin da suke da shi 'yan reshen PL10 ne. A mansoni akwai guda uku masu kama da Vasa da aka sa wa suna Smvlg1, Smvlg2 da Smvlg3, kuma an ga suna aiki a mahaifar ƙwan macen tsutsa. Wanda ya rubuta "Vasa na tsargiya" a kan kundinsa ba tare da wannan bincike ba, ya ba mai jarrabawa sanda.

Mataki na 2: Daidaita sahu, ka ƙirga tambura

Ka haɗa jerin tsutsarka da ƙoton nan uku, ka ƙara takwarorinsa daga haematobium da Fasciola da planariya in ka samu, ka zuba su a Clustal Omega ko MAFFT. Aikinsu daidaita sahu ne: kowane amino asid ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da takwaransa. Ka buɗe sakamakon a Jalview, ka sa launi, sannan ka bi da ido daga hagu zuwa dama. Kada ka bar wa na'ura wannan.

Tambura kake nema, wato gajerun jerin haruffan da kusan ba sa sauyawa a gidan DEAD; a reshen Vasa da PL10, abin da za ka fara cin karo da shi shi ne PTPVQ ko PTPIQ. Wannan Q ta ƙarshe ita ke gane adenin na ATP. Ka ƙirga gurbi 17 daga kanta, sai ka faɗa kan AQTGSGKT, tambari na ɗaya, wanda K ɗinsa ke riƙe fosfet. A DDX3X na mutum, Q ɗin ita ce ta 207, K kuma ta 230. Gaba kaɗan sai PTRELA, sai GG, sai TPGR, waɗannan uku hannun kama RNA ne. Sannan mai gayya mai aiki, DEAD, yawanci cikin LDEADRMLDMGF. Sai SAT, wanda ke haɗa ƙona ATP da tsifa. Nan ɓari na farko ya ƙare. A ɓari na biyu za ka ga wani abu mai kama da LVFVET, sai Q da R da gurbi biyu a tsakaninsu, sai ARGLD, sai na ƙarshe HRIGRTGR, wanda arjinin ɗinsa ke miƙa hannu ya taɓo fosfet ɗin ATP da ke jikin ɗaya ɓarin.

Ka rubuta lambar kowane tambari a takarda, da inda zuciyar ta fara da inda ta ƙare. Za ka bukace su a kowane mataki na gaba.

In ka ga tambari guda ya ɓace ɗungurungum, ko sahu ya yi wawakeken giɓi a tsakiyar ɓari, kada ka yi murnar gano sabon abu. Mafi yawan lokuta na'urar da ta hasashen ƙwayar gadon ce ta tsallake wani yanki, ko ta fara karatu daga tsakiya. Ka duba sauran sigogin wannan ƙwayar gado a rumbun, ka duba takwaranta a 'yar'uwar tsutsa. In haematobium da japonicum duk suna da yankin, mansoni ce kawai babu, to laifin rubutu ne, ba na halitta ba. In kuma a gurbin DEAD ka ga DEAH, ka shiga wani gida ne daban, masu bin zare suna tafiya, kuma 2DB3 ba mazubinsu ba ne. Ka tabbatar da InterPro, shafin da ke gane yankunan furotin: ya kamata ya nuna maka lambar yanki PF00270 a ɓari na farko, PF00271 a na biyu.

Mataki na 3: Samo siffar

Hanya uku ce, kuma ni na fi son a bi biyu a kwatanta.

Mafi sauƙi, ka duba ko an riga an yi maka. Rumbun AlphaFold, na siffofin da kwamfuta ta yi hasashe, ya buɗe a 2021, a farkon 2022 aka zuba furotin na Schistosoma mansoni tare da na wasu masu jawo cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi, daga baya rumbun ya haura siffa miliyan 200. Ka nemo lambar UniProt ta furotin ɗinka, ka buɗe ChimeraX ka rubuta alphafold fetch, ka bi shi da lambar. Sai dai ka gwada jerin da ke can da naka harafi da harafi. Wani lokaci tsohon jeri mai giɓi aka yi wa siffa.

In babu, ko jerin ya saɓa, sai ColabFold. Shafi ne da ke aro maka na'urar Google mai ƙarfi. Ka liƙa jerin, ka ba aikin suna, ka tayar da shi. Furotin mai amino asid 600 zuwa 700 yakan ɗauki lokaci, kuma in intanet ta yanke ko aka ɗauke wuta laftof ta mutu, aikin na iya tafiya da shi. Dabara ita ce ka yanke jelar gaba da ta baya, ka bar zuciyar da ɗan rara na gurbi 20 zuwa 30 kowane gefe, abin da zai dawo da kai wajen 400 zuwa 450. Ka kunna zaɓin adanawa a Google Drive tun kafin ka fara.

Hanya ta uku ita ce tsohuwa, kuma har yau ba ta mutu ba: SWISS-MODEL. Shi kamar mai buga bulo ne, mazubi yake nema ya zuba jerinka a ciki. Amfaninsa a nan shi ne kai ke zaɓar mazubin. In kana son rufaffiyar siffa, cikin jerin mazuban da ya kawo ka zaɓi 2DB3. In kana son na kusa da PL10, akwai 2I4I, DDX3X na mutum riƙe da AMP, amma ka sani ba a rufe yake ba. Ka duba kason kamanni tsakanin jerinka da mazubin. Ƙasa da kashi 30 cikin ɗari, zubin ba abin dogaro ba ne.

Mataki na 4: Karanta launukan kafin ka yi sha'awarsu

Wani ɗalibi ya taɓa kawo mini hoto a waya, fuskarsa cike da fara'a. Dunƙule ne shuɗi a tsakiya, wasu dogayen zaruruwa ruwan lemo sun kewaye shi kamar an zubar da taliya. Ya ce, "Malam, dubi hannayen da yake kama RNA da su." Na tambaye shi me ruwan lemon ke nufi, sai ya yi shiru.

Launin AlphaFold ba ado ba ne, ma'aunin yarda ne da ake kira pLDDT, daga 0 zuwa 100. Shuɗi mai duhu, sama da 90, na'ura ta tabbata. Shuɗi mai haske, 70 zuwa 90, ƙashin bayan ginin daidai ne. Rawaya, 50 zuwa 70, a yi hattara. Ruwan lemo, ƙasa da 50, na'urar tana ce maka ba ta san inda wannan yanki yake ba, ta dai ajiye shi ne don dole ta ajiye shi a wani wuri. In fayil ɗinka ya buɗe babu launi, ka rubuta color bfactor palette alphafold.

A helikes na gidan DEAD, jelar gaba da ta baya kusan kullum rawaya ne ko ruwan lemo, kuma gaskiyar halittarsu ke nan. Yankuna ne marasa tsayayyar siffa, cike da gilaisin da arjinin da serin, su ne ke sa furotin ya taru da 'yan'uwansa ya yi ɗigo-ɗigo a cikin ƙwayar halitta. Irin waɗannan tarin ake gani a ƙwayoyin neoblast na planariya, masu sake gina jiki bayan yanka. Jelar tana da aiki, amma lanƙwasar da ka gani a hoto ba tata ba ce. Kada ka auna komai a kanta.

Ma'auni na biyu ya fi wannan muhimmanci a wurinmu, kuma shi aka fi mantawa: PAE. Hoto ne mai kusurwa huɗu, kore a rumbun AlphaFold, yana nuna yadda na'ura ta yarda da matsayin wani gurbi in an kwatanta shi da wani. A helikes za ka ga murabba'i biyu masu duhu a kan layin da ya ratsa daga kusurwa zuwa kusurwa, ɓari na farko da na biyu ke nan. Yanzu ka kalli wuraren da ke gefe, inda ɓari na farko ke haɗuwa da na biyu. In sun yi duhu, na'ura ta yarda da yadda ta jingina su. In sun yi fari-fari, to kowane ɓari daidai yake a karan kansa, amma yadda aka haɗa su zato ne. Goron na iya zama a buɗe, a rufe, ko tsaka-tsaki. Furotin na iya zama shuɗi tas daga sama har ƙasa, PAE kuma ta ce haɗin ba tabbas.

Wanda ya bi ta SWISS-MODEL, ya duba GMQE da QMEANDisCo, duk daga 0 zuwa 1 suke, mafi kusa da 1 mafi kyau. Sannan ya kai fayil ɗin MolProbity ya ga taswirar Ramachandran, mai auna lanƙwasar ƙashin bayan furotin, da yawan atam masu karo da juna. Amma ka sani, taswira mai kyau shaida ce cewa ginin bai karya dokar kimiyya ba, ba shaida ce cewa haka furotin yake a jikin tsutsa ba.

Mataki na 5: Ɗora shi kan Vasa

Ka rufe komai a ChimeraX, ka rubuta open 2db3. Kwafi huɗu na furotin za su fito, kowanne da guntun RNA ɗinsa. Ka bar sarƙar A da zaren da ke kwance a kanta, ka ɓoye sauran. ATP ɗin da ke ciki ba na gaske ba ne, wani ɗan kama ne da ba ya ƙonewa, AMP-PNP, a fayil ɗin sunansa ANP, ga kuma maganiziyom a gefensa. Sai ka buɗe samfurinka, zai zama na biyu, ka rubuta matchmaker #2 to #1/A.

Lambar da za ta fito, RMSD, tazara ce a ma'aunin angistiram, wanda shi ne kashi ɗaya cikin biliyan goma na mita. ChimeraX yakan ba da biyu: ta gurabun da suka dace bayan ya zubar da masu nisa, da ta duka. In ta farko ba ta kai 1 ba amma ta duka ta yi sama sosai, kuma gurabun da ya riƙe kusan rabi ne, ka san abin da ya faru: ɓari ɗaya ya hau, ɗayan ya karkace. Samfurinka a buɗe yake. Ba laifi ba ne. Sai ka ɗora kowane ɓari shi kaɗai da lambobin da ka rubuta a takarda, misali matchmaker #2:190-400 to #1/A, in ɓarinka na farko nan ya faɗa. Kowane ɓari ya kamata ya hau da tazarar da ba ta wuce angistiram 1 zuwa 2 ba.

In aikinka na bukatar rufaffiyar siffa mai RNA a kai, AlphaFold Server, wanda aka buɗe a 2024, yana karɓar furotin da RNA da ATP da maganiziyom a aiki guda. Ka ba shi zuciyar furotin, da zaren RNA mai harafin U guda goma, da ATP ɗaya, da maganiziyom ɗaya. Ka duba ipTM, ma'aunin yarda da haɗin furotin da RNA: sama da 0.8 abin yarda ne, ƙasa da 0.6 kada ka gina komai a kai. Ka karanta sharuɗɗansu, domin sun hana a ɗauki siffar da suka fitar a kai ta manhajojin gwada shigar magani irin AutoDock. Mai niyyar wannan aiki ya tsaya kan SWISS-MODEL ko ColabFold.

Mataki na 6: Leƙa aljihun ATP da shimfiɗar RNA

Yanzu ka matso kusa. Ka nuna rassan amino asid na tamburan da ka rubuta, ka danna Ctrl ka zaɓi atam ɗaya, ka ƙara Shift ka zaɓi na biyu, ka rubuta distance sel. Abin da kake tambaya guda huɗu ne. Shin Q tana fuskantar adenin, da tazarar angistiram 3 ko kusa da haka? Shin akwai zoben tairosin ko fenilalanin kwance a kan adenin kamar faifai a kan ƙwarya, irin Y200 na DDX3X? Shin K ta tambari na ɗaya ta kai ga fosfet biyu na ƙarshe? Shin arjinin na HRIGRTGR sun iso daga ɗaya ɓarin? Wannan ta huɗu a rufaffiyar siffa kawai za ta amsu. E ta cikin DEAD kuwa ita ke shirya ƙwayar ruwan da ke sare ATP, shi ya sa masu gwaji a ɗakin bincike kan mayar da ita Q in suna son furotin ya cafke RNA ya kasa saki.

Ka juya zuwa inda RNA yake. Ka rubuta coulombic #2, fatar furotin za ta fito da ja da shuɗi gwargwadon cajin lantarkinta. Inda zaren ya kwanta ya kamata ya karkata ga shuɗi, tunda RNA cajinsa kishiyar wannan ne. Ka lura da kyau, furotin yana riƙe ƙashin bayan zaren ne, sukari da fosfet, haruffan RNA kuwa suna kallon waje. Dalilin ke nan da zuciyar helikes ba ta zaɓen jeri. Kan zaren na 5' yana kan ɓari na biyu, na 3' yana kan na farko. In naka ya fito a juye, samfurin ne ya yi kuskure.

Mataki na 7: Ina ya bambanta da na mutum

Nan ne kwalliya za ta biya kuɗin sabulu ko ta kasa. Ka buɗe takwaran mutum, ka ɗora shi kan na tsutsa ɓari-ɓari, ka sa wa gurabun da suka saɓa launi dabam. ConSurf na iya yi maka wannan da jeri masu yawa a lokaci guda.

Abin da za ka gani zai iya sanyaya maka gwiwa: aljihun ATP na tsutsa da na mutum kusan abu guda ne. Duk wanda ya zuba dubban sinadarai cikin wannan aljihu a kwamfuta ya ce ya samo maganin tsargiya, ya samo abin da zai iya kama helikes ɗin mara lafiyar ma. A ganina wannan ne ramin da kundaye da yawa ke faɗawa. Bambancin da ke da amfani yana gefe-gefe: bakin shimfiɗar RNA, madaukan da ke saman ɓari, tsagar da ke buɗewa in goron ya rabu, da ɗan ƙarin yankin da 'yan reshen DDX3 ke da shi tsakanin tambari na ɗaya da PTRELA.

Kuma kada ka raina gurbi guda. Akwai sinadarai daga itatuwan Aglaia na kudu maso gabashin Asiya, irin su rocaglamide da silvestrol, masu manne eIF4A a jikin RNA ya kasa saki. Siffar da ke PDB da lamba 5ZC9 ta nuna rocaglamide zaune tsakanin furotin da zaren, jingine da fenilalanin na 163. Itacen da ke yin sinadarin ya sauya wannan gurbi a nasa eIF4A, don haka dafinsa ba ya cinsa. In eIF4A na tsutsa kake bincike, ka koma sahun da ka daidaita, ka nemo wanda ya tsaya kafaɗa da F163 na mutum, ka ga ko wane ne. Ka yi haka ga mansoni, da haematobium, da Fasciola, ka rubuta su gefe da gefe. Wannan ɗan teburin ya fi hoto goma masu sheƙi.

Mataki na 8: Adanawa da rubutawa

Ka buɗe jaka ɗaya ka zuba jerin FASTA, da fayil ɗin sahu, da samfurin, da hoton PAE, da zaman ChimeraX da ka adana da save aiki.cxs. A wani ɗan fayil ka rubuta lambar ƙwayar gadon, da sigar rumbun da ka ɗauko ta, da ranar, da gurbin da ka fara yanka da wanda ka tsaya. Rumbunan nan suna sauya lambobi, bayan shekara guda kai kanka ba za ka tuna ba. In ka yanke jela kafin ColabFold, lambobin samfurinka daga 1 za su fara, sai ka mayar da su na asali da umarnin renumber kafin ka sa wa kowane gurbi suna a hoto.

Wajen hoto, ka sa bango fari da set bgColor white, ka ba kowane ɓari launinsa, RNA da ATP su fita daban, ka adana da save hoto.png supersample 3. A ƙarƙashin hoton ka rubuta cewa hasashen kwamfuta ne, ka faɗi manhajar, ka faɗi ko a buɗe yake ko a rufe, ka kuma faɗi cewa RNA da ANP ɗin da ke jiki daga 2DB3 ka aro su, in can ka aro su. Hoton PAE ya zauna kusa da shi a shafi guda.